Baƙin ciko ko fari: wanne zan zaɓa idan kuɗina kaɗan ne?

TAMBAYA: Likita, ina da rami a mataunina na ƙasa. A asibiti an ce in zaɓa tsakanin baƙin ciko da fari, farin ya fi tsada, ni kuma ba ni da hali. Na ji an ce baƙin yana da guba. Kwanakin baya haƙorin ya hana ni barci har dare uku, amma yanzu ya yi shiru. Maƙwabciyata ta ce tsutsa ce, in je a cire min ita a kasuwa, in huta da kashe kuɗi. Ya zan yi?

AMSA: Malama, Allah ya ba ki lafiya. Bari mu fara da cikon, ko da yake akwai abin da ya fi shi tayar da hankali a wasiƙarki.

Baƙin ciko, wato amalgam, haɗin azurfa ne da kuza da tagulla, kusan rabinsa kuma zaiba. A matauni, inda ake tauna rake da aya, ya fi jure wahala: yakan kai shekara 10 zuwa 15, kuma ɗan yawu bai cika lalata shi lokacin sa shi ba. Aibinsa muni, sannan ba ya mannewa, sai an ɗan ƙara sassaƙe haƙori ya samu wurin zama. Batun guba kuwa, zaibar da ke fita daga cikon da ya zauna kaɗan ce ƙwarai. Duniya na janye jiki daga gare shi ne musamman saboda gurɓata muhalli, a ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla don rage amfani da zaiba, kuma an ce a guji sa wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu juna biyu da masu shayarwa. Idan kina cikinsu, ki faɗa wa likita. Wanda kuma yake da tsohon baƙin ciko lafiyayye, kada ya biya kuɗi a fasa shi.

Fari iri biyu ne, ki tambaya wanne ake nufi. Kwamfozit shi ne wanda ake haska wa shuɗiyar fitila ya daskare. Yana da kyau, yana mannewa, amma ba ya son jiƙa ko kaɗan, kuma dole a sa shi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita 2. Idan aka cusa shi gaba ɗaya don sauri, sai ya tsuke ya bar tsaga a gefe, ruɓa ta koma ta ƙarƙashi. Kwamfozit mai arha a hannun mai gaggawa asara ce. Na biyu, gilas ayonoma, ya fi sauƙin kuɗi, yana sakin fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ya dace da haƙoran yara da ƙaramin rami kusa da dasashi, amma a babban ramin matauni yana saurin zaizayewa. Don haka ga mai ƙaramin ƙarfi: haƙorin gaba kwamfozit, babban rami a baya amalgam idan babu abin da ya hana.

To, amma haƙorin da ya hana barci dare uku sannan ya yi tsit, sau da yawa ba warkewa ya yi ba, jijiyarsa ce ta mutu. Zaton ya warke ne kuskuren da yake kai mutane gadon asibiti. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai narkar da haƙori. Abin da mai maganin kasuwa yake nunawa a cikin kofin ruwa bayan ya turara hayaƙi, ko ɓawon iri ne da zafi ya fasa, ko abin da ya ɓoye a auduga tun daga gida. Wasu ma ruwan batir ko fetur suke ɗigawa a ramin, wasu su danna ƙwayar asfirin a dasashi har ya ƙone ya yi fari fat. Zafin ya ɗauke, a yi ta godiya, alhali jijiyar aka ƙarasa kashewa. Ruɓar kuma ba ta tsaya ba, tana bin saiwa ta sauka cikin ƙashin muƙamuƙi ta tara mugunya. A mataunin ƙasa irin naki, kumburin na iya gangarowa ƙarƙashin harshe da wuya, ya tura harshe sama ya toshe numfashi. Ana mutuwa da wannan, wallahi, saboda haƙori ɗaya! Abin takaici, masu wannan sana'a suna yinta a fili da lasifika, ba mai ce musu kanzil.

Irin wannan haƙori, ko da zinariya aka cike shi, an rufe tukunya ne tana tafasa. Kafin ki biya kuɗin kowane ciko, ki nemi a ɗauki hoton haƙorin, a ƙwanƙwasa shi, a gwada shi da sanyi. Idan jijiya na da rai, a cike. Idan ta mutu, hanya biyu ce: a wanke jijiyar a sa wa haƙorin hula, ko a cire shi. Idan kuɗin wankin ya gagara, cirewa a asibiti ta fi barinsa nesa ba kusa ba. Maganin kemis yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci ne kawai.

Sashen haƙori na asibitocin gwamnati da na koyarwa ya fi na kuɗi rangwame, kuma idan jijiyar na da rai za a iya yi miki cikon wucin gadi, mai ƙamshin kanumfari, na 'yan makonni kafin ki haɗa kuɗi. Amma idan kika ga kumatu ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ko zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, ki tafi sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne.