Amsa kan tambayar ko jirgin J-20 na China ya kamo F-22 na Amurka

Malam, ka tambaya ko J-20 ya kai F-22 wajen ɓoye wa rada, wato na'urar da ke hango jirage a sama. Da farko ya kamata a gane cewa waɗannan jirage ba layar zana gare su ba, domin abin da ake yi shi ne a karkata kusurwoyin jikinsu, a shafa musu fenti mai shanye igiyar rada, sannan a ɓoye makamai a cikin cikinsu maimakon a rataye su ƙarƙashin fikafikai. Ko jirgin F-117 na Amurka, wanda shi ne kakansu, Sabiyawa (mutanen Serbia) sun kakkaɓo shi a 1999.

F-22 ya shiga aiki a 2005, kuma ya fi J-20 na farko-farko ƙarfin inji da iya juyi a sama, amma an rufe layin ƙera shi a 2011, kuma dokar Amurka ta hana sayar da shi ga kowace ƙasa. J-20 kuwa ya fara tashi a 2011, ya shiga aiki a 2017, kuma an gina shi babba ne domin cin dogon zango a kan tekun Fasifik. Rauninsa na farko inji ne, domin da injunan Rasha ya fara tashi kafin China ta sanya nata na gida.

A ganina, ƙananan fikafikan da ke gaban J-20 suna rage masa ɓoyuwa, sai dai China na ci gaba da ƙera shi da yawa, abin da Rasha ta kasa yi da nata jirgin mai ɓoye wa rada, wato Su-57.