Ina zan samu guntayen katakon da ba ya tsagewa?

Tambaya: Malam, ina zaune a garin Kasala da ke Sudan, kuma ina ƙera 'yan ƙananan jabana (butar dafa gahawa) da raƙuma na yumɓu don ado, ina ɗora su a kan guntayen katako masu faɗin tafin hannu. Duk waɗanda na saya sun tsage bayan makonni kaɗan, wasu kuma gari na zubowa daga cikinsu. Wani mai sayar da katako ya ce in jiƙa su a baƙin mai. Ina zan samu nagari, kuma shawararsa daidai ce?

Amsa: Malama, kada ki je wurin masu sayar da falanki da dogayen katakai, domin ba za su yanka miki ƙanana ba sai da tsada. Ki nufi shagon kafintan da ke yin gadaje da kabad, ki tambayi ragowar da ke faɗuwa ƙarƙashin zarto. Katakon da ya daɗe a shagonsa ya riga ya bushe, kuma zai yanka miki shi a kan awon da kike so, misali santimita 8 a 8 da kaurin santimita 2. Katakon da ake kira zan, wanda ake shigowa da shi daga Turai, ya fi dacewa da wannan aiki saboda laushin fuskarsa idan an goge. Madaci ma yana da kyau da launinsa ja. Muski, wani farin katako mai taushi, yana da arha, amma yana lotsawa kuma yana da ƙulli. Bagaruwa, wadda a nan ake kira sunut, ƙarfinta ya sa aka daɗe ana shimfiɗa ta ƙarƙashin layin dogo, sai dai tana wahalar da zarto, kuma ɗanyarta tana tsagewa sosai.

Tsagewar da kika gani alama ce ta ɗanyen katako. Ruwa yana fita ta bakin yanka da sauri fiye da ta gefe, kuma iskar Kasala busasshiya ce, don haka baki ya kan tsuke tun ciki bai bushe ba. Ki guji guntun da zuciyar itacen take tsakiyarsa, kuma kada nauyi ya ruɗe ki, domin sau da yawa ruwa ne.

Maganar baƙin mai kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya zo mini da katakon da aka tsoma a man da aka juye daga injin mota, wai an ce yana hana gara da tsagewa. Ba ya busar da komai. Ruwan yana nan a ciki, man ya lulluɓe shi kawai. Gam ba zai kama ba, fenti da banish za su ɓare, kuma da zafi ya taso man zai tsatso ya ɓata mayafin teburin wanda ya sayi kayanki. Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da dattin ƙonewa waɗanda aka san suna jawo ciwon dajin fata idan ana yawan taɓa su. Ke za ki goge shi da hannu ki shaƙi ƙurarsa, sannan a ajiye shi a falo inda yaro zai ɗauka ya kai baki. Wanda ya ba ki shawarar so yake ɗanyen katakonsa ya fita, kuma ba ya nan ranar da mai saye zai dawo miki da kaya. Wasu har maganin ƙwarin gona suke haɗawa da shi, abin da ko a turken shinge ban yarda da shi ba, balle a ɗaki.

Guntun da ke zubar da gari akwai ƙwaro a cikinsa, ki raba shi da sauran tun bai yaɗu ba. Idan an kawo miki katakon fale-falen da ake ɗora kaya a kansu daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, ki duba hatimin da ke jikinsu: HT na nufin an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, wannan ba laifi, amma mai MB an yi masa turaren guba, ki bar shi. Sabon guntu kuwa ki shafa masa narkakken kakin zuma a bakin yanka biyu, ki jera a inuwa da tazara tsakani har nauyinsa ya daina raguwa, sannan ki goge da sanfefa ki shafa banish.