Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan yayarta da shan giya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun daren jiya na ga tambayarki, na kwana da ita a raina. Kin ce yayarki ta fi shekara tana zarya a asibitin unguwa da ciwon ciki, rashin barci da hawan jini, ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana shan giya, alhali mijinta zuwansa na farko aka tambaye shi. Kina son sanin ko haka ƙa'idar take, da yadda za ki taimake ta asirinta a rufe.

Ba haka ƙa'idar take ba. Sakacinmu ne mu ma'aikatan lafiya, kuma ni kaina na yi shi. Na daɗe ina aikin jinya a ƙananan asibitoci, a Garwa da kuma wani ƙauye ta wajen Marwa, a arewacin Kamaru. Namiji in ya shigo da raunin faɗuwa a babur ko idonsa ja, nan take za mu ce, "Malam, kana taɓawa ne?" Mace kuwa hijabinta muke kallo, mu yanke hukunci. Hatta matan da ke dafa bilbil, wato giyar dawa irin burkutu, suna sayarwa, waɗanda kullum sai sun ɗanɗana tukunya, ba kasafai muke tambayarsu ba.

Akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai. Kusan kowane wata sai ta zo: amai da safe, ƙwannafi, jiki ba ƙarfi. Na ba ta maganin olsa, na ba ta na zazzaɓin cizon sauro, ta tafi ta dawo. Wata safiya ina ɗaura mata abin awon jini, sai na ji hannunta yana karkarwa a cikin nawa, bakinta cike da kanumfari. Tana laluben katinta a jaka, 'yar ledar wiski ta faɗo ƙasa. Muka yi shiru. Na tashi na tura ƙofa, na zauna kusa da ita. Sai kuka. Ta ce tun rasuwar maigidan barci ya ƙaurace mata, wata maƙwabciya ta ba ta a matsayin magani. Lokacin farin idonta ya riga ya soma yin ɗorawa, hanta ta taɓu. Har yau ina jin nauyin watannin da na ɓata mata.

Tambayar ba ta da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tambayoyi 10 da ake kira AUDIT, kuma ukun farko kaɗai sun isa a soma da su: sau nawa ake sha, nawa ake sha a rana guda, sau nawa ake yin mai yawa a zama ɗaya. Kowace amsa da makinta, jimillarsu ba ta wuce 12. Galibi namiji sai ya kai 4 ake zurfafa bincike, mace kuwa daga 3. Dalili shi ne jikin mace bai kai na namiji yawan ruwa ba, don haka ko daidai suka sha, tata ta fi taruwa a jini. Hantarta ta fi saurin lalacewa, ga ƙarin haɗarin kansar nono, in kuma da juna biyu giyar tana ratsawa har ga ɗan da ke ciki. Kada kuma "kwalba ɗaya ce kawai" ta ruɗe ki. Babbar kwalbar biyar nan tamu mai santilita 65 ta kai awo biyu da rabi a ma'aunin Hukumar, wanda ke lissafa giram 10 a matsayin awo ɗaya. Arki kuwa, barasar nan da ake tacewa a gida, ba mai iya ce miki ga ƙarfinsa.

Wajen magani ma ba ɗaya ba ne. Namiji zai ɗauki kuɗinsa ya tafi, a ce Allah ya shirye shi. Mace sai ta nemi izini da kuɗin mota, sannan a shiga ɗakin likita da ita tare da miji ko uwar miji. Ta yaya za ta buɗe baki? Tana tsoron saki, tana tsoron a raba ta da 'ya'yanta, tana tsoron gorin kishiya. Kuma sau da yawa akwai abin da ke ƙarƙashin shan: baƙin ciki, duka, ko rashin barci. In ba a taɓo wannan ba, za ta bari ta koma.

Ina roƙonki abu ɗaya da babbar murya: in kullum take sha, kada ku ƙwace ku kulle ta a ɗaki. Yankewa farat ɗaya kan kawo karkarwa, zufa, farfaɗiya da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yana iya kisa. Mutane kan ɗauka iskoki ne. Sai a hannun ma'aikacin lafiya, da maganin kwantar da jiki da bitamin B1. Ta kuma rage yawan shan farasitamol har a auna hantarta.

Wa'azi ta san shi, ta san haramun ce, shi ya sa take ɓoyewa. Ki same ta ku biyu, ki ce, "Yaya, na sani, kuma ba wanda zai ji daga bakina." In ta amince, ki raka ta da kanki ranar da mijin ba ya tare da ku. Ki nemi ma'aikaciya mace, a rufe ƙofa. In nauyin baki ya hana ta, ki nemi izininta ki faɗa a madadinta: abin da take sha, nawa a rana, tun yaushe, da lokacin da ta sha na ƙarshe. Ki roƙi a yi mata awon hanta, a duba ko tana da ciki, a kuma ba ku ranar dawowa kafin ku fito. Allah ya ba ta lafiya.