Katako ko 'yar tirela? Amsar Oga kan lodin mashin

Yarona, na ga saƙonka, kana tambaya wai tunda yanzu muna yawan ɗauko mashinan kwastomomi da suka lalace a hanya, daga Mai'adua ne ko Zango ko Sandamu zuwa shago nan Daura, ko mu sa mai walda ya haɗa mana 'yar tirela da za a riƙa ja da mota, ko kuwa mu tsaya ga katakon da muke jinginawa bayan akori-kura. To ni dai a ganina in mashin ɗaya ne ko biyu, kada ka ɓata kuɗinka kan tirela, ka gyara matakalarka ka sayi belet ɗin ɗaure kaya mai kyau, shi ke nan.

Abin da ke kada mashin wajen lodi gajartar katako ne. Bayan Hilux daga ƙasa ya kai wajen santimita 80 ko ya ɗara, Boxer kuma nauyinta ya haura kilo 100, to in ka jingina katako mai tsawon mita 1 da rabi ai tsaye ka kafa shi, mutum biyu za ku yi ta nishi kuna turawa, tayar gaba ta hau, sai cikin mashin ya daki bakin bodi ya maƙale, kai ga ka a ƙasa hannu a sama birki ya kuɓuce maka. Roba-roba ta fi shan wannan wahala don cikinta a ƙasa yake, nan take za ka ji ƙarar robar ta tsage, kuma kai za ka biya. Ka nemi wanda ya kai mita 2 da rabi, mai kauri mai faɗi, wanda ba shi da tsaga ko ƙulli a tsakiya. In na ƙarfe za a haɗa maka, ka ce ma mai walda ya yi da angil ayan, ya jera sanduna a gicciye don taya ta samu abin kamawa, ya ɗaga gefe biyu kaɗan, kuma don Allah ya sa mashi ƙugiya a kai wadda za ta kama bodi. Ko da ƙugiyar ma ka ƙara ɗaure shi da igiya a jikin mota, don tayar baya na taka shi yake zamewa.

Kuma ka riƙa duba wuri kafin ka fara. In akwai tudu ko dakali, ka sa direba ya kawo bayan motar wurin, rabin aikin ya ƙare. Kada in ƙara ganin wani cikinku ya hau mashin ya ba shi wuta zai haye da shi, wallahi ƙafa ake karyawa haka. A kashe inji, kai ka tsaya ta hagu yatsunka kan birkin gaba, ɗan'uwanka ya turo ta baya, in da hali wani ya tarba daga sama.

Wajen ɗauri nake so ka nutsu sosai. Tayar gaba ta tokare bangon bodi, mashin ya tsaya cak ba kan jak ɗin gefe ba, don jak ɗin lanƙwashewa yake in an faɗa rami. Belet biyu a gaba, dama da hagu, kana ja kaɗan-kaɗan har shokozoba ta nutse kamar rabi, kada ka danne ta duka sai sil ɗinta ya fara yoyon mai. Ka lura kada belet ya bi ta kan wayar birki ko ta kuloci. Belet ɗaya a baya, ka sa giya ɗaya, ka rufe famfon fetur. Robar tiyub da kuke so ɗin nan miƙewa take, ta ɗaurin buhu ce. Kwantar da mashin kuwa kada ma ka fara, fetur ya zube, baƙin mai ya gangara inda ba wurinshi ba, tanki ya lotsa. In kun ɗan taɓa tafiya ku tsaya ka sake taɓa belet ɗin, kullum sai ka tarar ya saki kaɗan.

Tirela ba wai ba ta da amfani ba ne, tana ƙasa-ƙasa don haka lodinta ba wuya, kuma in dila ne mai kwaso mashin uku huɗu daga Katsina ko Kano duk mako to ta biya shi. Amma sai an ɗaura maƙalarta a jikin shasi ba a bamba ba, sai sarƙar ko-ta-kwana, sai fitilar birki da sigina in ba haka ba ku kwana hannun jami'an hanya, nauyi kuma dole ya ɗan rinjaya gaban tayoyinta, in ya koma baya da an taka gudu za ta fara wutsil-wutsil da motar. Ga ribas da ita a lungunanmu, direban da bai saba ba sai ya naɗe ta a jikin mota. Gobe in ka zo da safe ka taho da tef mu auna bayan motar, sai mu wuce wajen mai walda tare.