Amsa: Tausayin tsohon soja bayan abin da ya faru a Tudun Biri

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace mu ci gaba da taimaka wa tsofaffin sojoji alhali jirgin soja maras matuƙi ya kashe masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023. Ya dace, kuma jinin mutanen nan bai faɗi ba.

Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora diyya da kaffara ko da kisan kuskure ne. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. Marigayi Janar Taoreed Lagbaja, shugaban rundunar sojin ƙasa na lokacin, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, amma haƙuri ba ya ciyar da marayu. Wanda ya kalli allo ya ba da umarnin harbi, shi ya kamata ya tsaya gaban kotu, gwamnati kuma ta biya diyya cikakkiya.

Kurtun da ya baro ƙafarsa a dajin Sambisa kuwa, yana dogara sanda yana bin fansho ofis-ofis, dare ya yi ya kasa barci, me ya haɗa shi da wannan harin? In akwai irinsa a unguwarku, ku raka shi asibiti, ku biya wa yaransa kuɗin makaranta.