Baƙo da baƙuwar fuska

Wata ƴar'uwa daga Tawa ta rubuto: ranar Lahadi fasto ya yi musu wa'azi kan karɓar baƙi, da marece kuma mai unguwa ya ce duk wanda ya ga baƙuwar fuska ya sanar da jandarma. "Malam, wanda aka ce in sauka da wanda aka ce in kai rahotonsa, kalma guda ce?"

Guda ce, ƴar'uwa. Bahaushe bai raba su ba: wanda kika gayyata baƙo ne, wanda dare ya yi masa a tasha ma baƙo ne. Helenanci, wato harshen Girka da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, shi ma haka yake, domin kalmar "ksenos" tana ɗaukar ma'anonin biyu. Daga gare ta aka samu "filoksenia", son baƙo, wadda ke cikin Ibraniyawa 13:2, inda aka ce waɗansu sun sauki mala'iku ba su sani ba. Annabi Ibrahim ke fara faɗo wa mutum a rai, shi da ya yanka wa baƙinsa maraƙi tun bai san ko su wane ne ba. Labarin yana cikin Farawa 18, yana kuma cikin Alƙur'ani. Saboda haka "baƙonka annabinka" ba ta masallaci kaɗai ba ce, kina iya faɗinta a coci. Matiyu 25:35 ma ta zarce nan: Almasihu ya kira kansa baƙon.

A kula da lafazi. Baƙi, jam'in baƙo, ana jan wasalin farko da sassautar murya. Baƙi na launi kuwa gajere ne. Rubutun boko ne ya haɗa su, har yara ke zaton dangi ne.

Ban raina tsoron mai unguwa ba. Wanda ya san kisan gillar da ƴan bindiga suka yi a yankin Tilliya na jihar Tawa a 2021 ba zai yi masa dariya ba. Amma kakanninmu ma sun san ɓarawo, shi ya sa suka gina zaure: a shimfiɗa wa baƙo tabarma, a kawo ruwa da hura, sai ya sha a tambaye shi daga ina, cikin gida kuwa bai taka ba. "Baƙo raɓa ne", gobe ya wuce. Yawancin gidajen siminti da ake ginawa yanzu ƙofar ƙarfe ce da katanga, babu zaure. Ki duba naki gidan, in akwai inuwa a ƙofa, benci guda da randa sun isa.