Final Fantasy XVI: ina faɗan bi-da-bi ya tafi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni da Final Fantasy X na taso. A PS2 ɗin yayana muka buga shi, shi yana riƙe da hannun gem ni ina gefe ina ba da shawara, har ranar da ya gaji ya miƙo mini. Abin da ya sa na ƙaunaci wasan shi ne faɗansa: ka zauna ka yi tunani, ka zaɓi wanda zai kai sara da wanda zai yi wa 'yan'uwansa magani. Kwanan nan na tarar da abokina yana buga na 16, wallahi da bai faɗa mini sunan ba da ban gane shi ba. Mutum ɗaya ne yake ta tsalle yana sara, ga jini ko'ina. Me ya faru da wasan nan? Har yanzu Final Fantasy ne, ko suna kawai ya rage? Kuma ya cancanci in sa kuɗina?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, wasan ya sauya ƙwarai. Sai dai zan fara da wani abu da wataƙila ba za ka so ji ba: faɗan da kake kewa, wanda lokaci yake tsayawa cak sai ka gama tunani, a na 10 ɗin ma baƙo ne. Tun daga na 4, wanda ya fito a 1991, har zuwa na 9, agogo ne yake tafiya a cikin faɗa. Kowane jarumi yana jiran lokacinsa ya cika kafin ya motsa, kuma idan ka tsaya nuƙu-nuƙu dodo zai iya shararo maka mari kana cikin zaɓe. Hiroyuki Ito ne ya ƙirƙiro wannan tsari. Da na 10 ya zo a 2001 sai ya ajiye agogon, ya jera maka sunayen masu bi da bi a gefen allo. A lokacin akwai tsofaffin 'yan wasa da suka yi irin ƙorafin da kake yi yau.

Haka abin yake tun asali. Kamfanin Square ya fitar da na farko a Japan a Disambar 1987 ƙarƙashin jagorancin Hironobu Sakaguchi, kuma daga nan kowace sabuwar lamba tana zuwa da sabuwar duniya, sababbin mutane, sau da yawa da sabon salon faɗa. Na 7 ya bar na'urorin Nintendo ya koma PlayStation a 1997. Na 11 ya zama wasan intanet a 2002. Na 12, a 2006, ya ba ka damar rubuta wa abokan tafiyarka dokoki, su riƙa faɗa da kansu kana kallo. Na 15, a 2016, samari huɗu ne a cikin baƙar mota, kuma tun a can faɗan ya riga ya koma na danna maɓalli nan take. Ka ga ke nan rabon babban jerin da faɗan bi-da-bi na tsantsa ya haura shekara ashirin. Kai ne ka yi dogon hutu, ka dawo ka tarar an sake fasalin gida.

To me ya sa na 16 ya yi nisa haka? Amsar tana wurin mutanen da suka yi shi. Furodusansa Naoki Yoshida ne, mutumin da aka miƙa wa na 14 a ƙarshen 2010 bayan ya fito ya sha kunya, ya rushe shi ya sake gina shi, aka sake buɗe shi a 2013 ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin Square Enix, kamfanin da yake riƙe da jerin yanzu. Wanda ya yi irin wannan aiki, idan ya ce ga hanya, kamfani ba ya musu da shi. A hirarrakin da ya yi kafin fitowar wasan ya bayyana dalilansa a fili. Kuɗin yin irin wannan wasa ya yi tsada sosai, dole a sayar wa mutane da yawa, kuma matasan da suka taso da wasannin harbi da na sara sun saba idan suka danna maɓalli abu ya faru a take. Ya kuma kawo batun hoto: lokacin da jarumai suke 'yan ƙananan zane, ba wanda ya damu don sun tsaya a layi suna jiran juna, amma yanzu da fuskokinsu suka zama kamar na mutanen gaske, mutum ya tsaya da takobi a hannu yana jira a gama dukansa abin yana kama da wasan yara. Don haka aka ɗauko Ryota Suzuki daga kamfanin Capcom, wanda ya yi aiki a wasan saran nan Devil May Cry 5, aka damƙa masa faɗan gaba ɗaya. Tsallen nan da ka gani abokinka yana yi, hannun Suzuki ne.

Ban yarda da dalilan Yoshida duka ba. A shekarar da wasansa ya fito, 2023, Baldur's Gate 3 ne ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards, kuma faɗansa bi-da-bi ne tsantsa. A 2025 wani ƙaramin kamfani a Faransa ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33, mai hoto irin na zamani da faɗan bi-da-bi, ya kuma samu karɓuwa sosai. Kasuwar tana nan da ranta.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. A ganina babban abin da na 16 ya rasa shi ne tawaga. Tuna yadda na 10 yake. Idan tsuntsu ya taso ka kira Wakka ya jefe shi da ƙwallo. Idan mai sulke ne, Auron. Idan dodon nan ne mai kama da kunu wanda takobi ba ya yi masa komai, sai Lulu ta zo da wuta ko ƙanƙara, gwargwadon abin da yake tsoro. Kowane faɗa ƙaramar tambaya ce, amsarta kuma tana jikin ɗaya daga cikin mutanenka, shi ya sa ka san su ɗaya bayan ɗaya, ka shaƙu da su. A na 16 Clive Rosfield kaɗai kake sarrafawa kusan daga farko har ƙarshe. Jill da Cid suna binka suna faɗa, amma ba ka da ta cewa a kansu: ba ka saya musu makami, ba ka zaɓa musu abin da za su koya. Karensa Torgal ne kawai yake jin umarninka, shi ma umarni uku ne. Sihiri kuma ya zama ado, domin wuta da ƙanƙara da tsawa duk ɗaya ne a jikin abokin gaba, launi ne kawai ya bambanta. Kayan yaƙi takobi ne da ɗamara da abin hannu da kayan ado uku, kuma kusan kullum sabon da maƙeri ya kawo ya fi tsohon, ba wani lissafi. Wanda ya kwana yana zagaya allon duwatsun nan na na 10, inda ake ƙara wa jarumai ƙarfi da dabaru, yana tunanin inda zai karkata jarumarsa Yuna, zai ji wurin nan fayau.

Tunanin da ya rage an mayar da shi wani wuri. Clive yana karɓar ƙarfin manyan halittun da ake kira Eikon, waɗanda ka sani a matsayin abin da Yuna take kira: Ifrit, Shiva, Bahamut da sauransu. Uku kake ɗauka a lokaci guda, kowanne da dabaru biyu da ka zaɓa. Phoenix yana kai ka gaban abokin gaba cikin ƙiftawar ido, Garuda tana fizgo shi, Titan yana tare duka. Manyan abokan gaba suna da ma'aunin juriya, idan ka karya shi sai su durƙushe na ɗan lokaci, a nan ne kake sauke musu duk abin da ka tara. Iya tsara waɗannan dabaru su bi juna shi ne gwanintar wasan, kuma idan hannunka ya faɗa akwai daɗi. Matsalar ita ce matakin wahalar da aka ba ka a zagayen farko yana da sauƙi, ba ya tilasta maka koyon komai. Sai ka gama wasan sannan ake buɗe mai tsauri.

Inda wasan ya yi zarra shi ne faɗan Eikon da Eikon, inda Clive da kansa yake rikiɗa ya zama Ifrit. A wasannin da suka gabaci na 10 kiran waɗannan halittu ɗan gajeren hoto ne kake kallo, su yi duka ɗaya su tafi. Yanzu kai ne halittar. Faɗan Titan kaɗai ya isa a ba da labari, ga kiɗan Masayoshi Soken yana tashi kamar zai ɗaga rufin ɗaki. Idan da janareta kake wasa, ka tabbata akwai mai kafin ka shiga, don faɗan yana da tsawo.

Jinin da ka gani kuwa da gangan ne. Wannan ne na farko a cikin masu lamba da hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware wa manya, a Turai kuma aka sa masa shekara 18. Akwai kisa a fili, akwai zagi, akwai tsiraici a wasu wurare. Hukumomin Saudiyya ma ba su bari an sayar da shi a can ba, sun ce kamfanin ya ƙi yin gyaran da suka nema. Don haka kada ka zaunar da ƙanenka a gefe kamar yadda yayanka ya zaunar da kai.

Labarin kansa yana da nauyi. Duniyar sunanta Valisthea, ƙasashe suna yaƙi a kan wasu manyan duwatsun lu'ulu'u da suke ba su sihiri, yayin da wata annoba take cinye ƙasar noma tana mayar da ita toka. Mutanen da aka haifa da sihiri a jikinsu ana yi musu tambari a kunci, a saye su a sayar, a yi ta aiki da su har jikinsu ya sandare ya zama dutse. Clive ɗan sarauta ne da ya wayi gari da wannan tambari, muna binsa yana da shekara 15, da 28, da 33. Ga wani abu da tsohon ɗan wasa zai lura da shi: a wasannin farko aikinka shi ne ceto lu'ulu'un, a nan kuwa Cid yana jan Clive su je su farfasa su. Kamar masu wasan suna gaya maka da bakinsu abin da suke yi wa gadon da suka tarar. Rabin farko, inda ake siyasa da cin amana da batun bauta, ya fi ƙarfi. Daga baya labarin yana komawa tsohuwar hanyar da jerin ya saba, ta yaƙi da wani abu da ya fi ƙarfin ɗan Adam, kuma a nan na ji ya ɗan saki. Ayyukan gefe da yawa aike ne kawai, je ka ɗauko, je ka kai, sai can wajen ƙarshe suke yin ma'ana. Babu wasan ƙwallon ruwa irin na na 10, babu na kati irin na na 8. Hotunan labari kuwa sun kai awa 11, saboda haka za ka ajiye hannun gem ka yi kallo sosai. An fara ɗaukar muryoyin da Turanci ne, da karin harshen mutanen Ingila, kuma Ben Starr da ya yi muryar Clive ya yi aiki mai kyau. Akwai kuma wata dabara da nake fata kowane wasa ya kwaikwaya: kana tsakiyar kallo za ka iya tsayarwa, allo ya nuna maka waye wannan da yake magana, wace ƙasa ce wannan, me ya haɗa su.

Shin har yanzu Final Fantasy ne? Chocobo, tsuntsun nan da ake hawa, yana nan, Moogle, ɗan halittar nan mai fiffike, yana nan, akwai Cid kamar yadda aka saba tun na 2, kiɗan nasara ma yana leƙowa. Amma waɗannan tambarin gida ne. Ni abin da nake aunawa da shi shi ne ko wasan ya ɗauki kasada ya ba da babban labari da zuciya ɗaya, kuma ya yi hakan. A matsayin wasan sara, mai kyau ne. A matsayin wasan gina jarumai da tsara tawaga, shi ne mafi rauni a jerin. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma kewarka tana da tushe, akwai abin da aka cire da gaske.

Kasuwa ma ba ta yanke hukunci ɗaya ba. Ya fito ranar 22 ga Yunin 2023 a PS5 kaɗai, ya sayar da kwafi miliyan 3 a makon farko, amma daga baya shugabannin Square Enix suka ce cinikin bai kai yadda suka sa rai ba. Sun kai shi kwamfuta a Satumbar 2024, sannan Xbox a 2025, kuma kamfanin ya ce daga yanzu zai riƙa fitar da manyan wasanninsa a na'urori da yawa.

Batun kuɗinka: kada ka saya tukuna. Akwai ɗanɗanon wasan kyauta, kusan awa biyu na farkon labari, kuma idan ka saya daga baya za ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ko ka roƙi abokin nan naka ya ba ka hannu na yamma ɗaya. Idan yatsunka ba su saba da sauri ba, akwai wasu zobba da ake ba ka tun farko, ɗaya yana kauce maka duka, wani yana haɗa maka sara da maɓalli guda. Ba abin kunya ba ne ka sa su. Ka kuma nemi faifai idan da hali, domin saukar da shi zai ci maka kusan gigabait 90 na data.

Idan kuwa ka gwada ka ji ba naka ba ne, kamfanin bai daina yin irin abin da kake so ba, sunan ne kawai ya canza. Dragon Quest XI da Octopath Traveler duk nasu ne, duk bi-da-bi. Final Fantasy na 1 zuwa na 6 an sabunta su, har a waya ana samu. Amma kai da tawaga ce ta kama zuciyarka, Final Fantasy VII Rebirth na 2024 zan fara nuna maka: mutum uku kake juyawa a faɗa, kowa da aikinsa, wuta da ƙanƙara suna da bambanci, kuma duk lokacin da ka buɗe jerin umarni lokaci yana tafiyar hawainiya har ka gama tunaninka. Sai dai ka fara da Remake na 2020, don shi ne kashi na farko na labarin.